Mita Ɗari Biyun Glenys Thackray

Sau ashirin da uku Glenys Thackray ta yi gudun fanfalaki, kowanne mil ashirin da shida da 'yan kai, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Ta yi amai tana gudu, farcen ƙafarta ya fita tana gudu, akwai ma shekarar da ta faɗi a mil na tara ta fasa leɓe, ta miƙe ta ƙarasa tana tofar da jini. Kaf garin Skelby babu wanda bai san wannan ba, don ita ba mai ɓoye abin alfaharinta ba ce. Shekara talatin ta yi tana zuba wa yara abincin rana a makarantar firamare tana ba su labarin, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Abin da garin bai sani ba shi ne gwiwarta ta hagu ta gama aiki. Likita ya nuna mata hoton, ƙashi na gogar ƙashi, ya ce ranar sha ɗaya ga Maris za a cire a sa mata ta ƙarfe. Za ta yi tafiya, za ta hau bene, har rawa ma in tana so. Gudu ne dai ta yi sallama da shi. Mijinta Neville kaɗai ya sani, shi ma sai da ta ja masa kunne kan kada ya kuskura ya faɗa wa 'yan ƙungiyar gudu, don ba ta son kallon tausayi.

Ba aikin ne ya fi cin ranta ba. Abin da ke hana ta sukuni shi ne tserenta na ƙarshe, na watan Oktoba, ta yi shi ba ta san shi ne na ƙarshe ba. Ta tsallaka layin gamawa tana mita a kan ruwan sha da ya ƙare a mil na ashirin, ko kai ba ta ɗaga ba. Shekara sittin da huɗu a duniya, rabinsu a kan titi, a ce mutum ya rufe da mitar ruwa! In ta tuna sai ta ji kamar ta mari kanta.

Ana haka sai ga 'yan fim daga Landan, saura mako uku a yi mata aikin. Fim ne na soyayya da barkwanci, labarin wani malalacin mai gyaran keke da ya shiga gudun fanfalaki don ya burge wata likitar dabbobi. Suka rufe titin bakin teku, suka kafa ƙofar gamawa ta katako da balan-balan da ƙaton agogo, suka nemi mutum sittin daga ƙungiyar gudun Skelby su cika musu titi da korayen rigunansu. Glenys ce ta fara rubuta suna.

"Ƙofar ta katako ce fa, Glen," in ji Neville, yana shafa wa burodi man shanu. "Ko agogon ma na ji an ce ba ya tafiya."

"Layi ne dai ko?"

"Layi ne."

"To ka ci burodinka. Mita ɗari biyu ne kawai. So nake na tsallaka sau ɗaya ina sane, idona a buɗe."

Ranar farko daɗi ta yi. Daraktan, wani siririn mutum mai suna Piers wanda ke naɗe da mayafin wuya har biyu, ya zagaya cikin 'yan gudun yana duba fuskoki kamar mai zaɓen kifi a kasuwa, ya tsaya a kan Glenys. Ya ce yana son wata tsohuwa da za ta wuce jarumin a mil na uku, ta ɗan bubbuga masa tumbi ta ce ya yi ƙoƙari. Kalmar tsohuwa ta soke ta, amma aikin ya yi mata. Sau shida aka ɗauka, sau shida ta wuce jarumin, Rory Penhale, kamar yana tsaye, 'yan ƙungiya na ta shewa. Su masu cika wuri ba a ba su labarin fim su karanta, saboda haka ba wanda ya gaya mata cewa tsohuwar za ta sake fitowa a ƙarshe, balle ta san me aka shirya mata.

Kashegari ita ce ranar ƙofar gamawa. Watan Fabrairu ne, iska na kaɗowa daga teku tana ratsa ƙashi, amma a fim wai ƙarshen Afrilu ne, don haka aka karɓe rigunan sanyin kowa, wata mata ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana fesa musu ruwa a fuska da ƙirji a matsayin gumi. 'Yan kallo kuwa, mutum wajen ɗari uku a bayan shinge, an umarce su su yi tafi kada hannu ya taɓa hannu, su wage baki kada murya ta fito, don kada su ɓata sautin jarumai. Neville na cikinsu, da hular ulu da flas ɗin shayi a hammata, yana tafin bebaye da gaskiyarsa.

Piers ya kamo hannun Glenys ya kai ta wani wuri da aka manna tef rawaya a kan kwalta, kamar mita arba'in kafin ƙofar.

"To, Mama, ga yadda za a yi. Kina gaba, Rory na bayanki. Da kin iso nan sai ƙarfinki ya ƙare, ki tsaya cak, ki dafa gwiwoyi kina haki. Shi kuma ya zo ya bubbuga miki kafaɗa ya ce ki yi ƙoƙari, ya wuce. Kin gane? Ya rama abin jiya. Mutane za su mutu da dariya."

"Na tsaya?"

"Ki tsaya. A nan za ki ci gaba da zama a sunkuye har a gama."

Glenys ta dubi tef ɗin, ta dubi ƙofar, ta dubi Piers. "Na farko, ni ba mamarka ba ce, Misis Thackray nake. Na biyu, ni ba na tsayawa."

Ya yi dariya, a zatonsa irin barkwancin mutanen arewa ne, ya koma bayan kyamara.

Aka ce a fara. Mutum sittin suka taso, Glenys a gaba-gaba, gwiwar na cizo amma tana ɗauka. Ta iso tef ɗin rawaya ta taka shi ta wuce ko kallo bai ishe ta ba. Rory, da ya riga ya miƙo hannu zai bubbuga kafaɗa, sai ya bubbugi iska. Ta ji ana ihun a yanke, wato a dakatar da ɗauka, ta yi kunnen uwar shegu, ƙofar na matsowa, har tana iya karanta rubutun jikin ƙyallen da aka gitta. Saura taku goma sha biyar wani ƙato mai rediyo a kafaɗa ya sha gabanta ya rungume ta da hannu biyu, kamar yarinyar da za ta faɗa wa mota.

"An yanke, uwata, ba ki ji ba ne?"

Ta kau da kai, don in ta buɗe baki a lokacin kuka ne zai fito, kuma ta gwammace ta mutu da ta yi kuka a gaban 'yan Landan. Abin da ruwan sama da ciwon ciki da faɗuwa suka kasa yi mata a shekara talatin da biyu, wani ƙato ya yi mata shi cikin ladabi, har da ce mata uwata.

Piers ya iso yana murmushin da bai kai ciki ba. "Laifina ne, ban yi bayani sosai ba. Tef ɗin rawaya..."

"Na gan shi. Idona ƙalau."

"To me ya faru?"

"Ka bar shi ya wuce ni, ban hana ba. An sha wuce ni, har mutum sanye da kaya masu siffar ayaba ya taɓa wuce ni. Amma ni ma na ƙarasa a bayansa."

"Ba zai yiwu ba. Lokacin da zai rungumi likitar dabbobin, ke ake so a hango can baya a sunkuye. Nan dariyar take." Ya sassauta murya. "Ji nan, Misis Thackray. Da mun gama, ki tsallaka sau goma in kina so, ni da kaina zan ɗauke ki hoto."

"Bayan na tsaya?"

"Wasa ne fa. Fim ne."

"A wurinka. Kai ka tattara kayanka ka koma Landan, ni a garin nan zan zauna. Badi a haska shi a silima, yaran da na ciyar da hannuna su gan ni cikin korar riga na dafe gwiwa. Wanda ya tsaya ya tsaya, ɗan nan, ko ya tsallaka sau ɗari daga baya yawo yake yi."

"To sai na sa wata."

"Sa mana. Ga Maxine can, ta girme ni da shekara biyu. Sai dai ka sake ɗaukar na jiya gaba ɗaya, tunda fuskata ce a ciki."

Nan Piers ya yi tsuru-tsuru, don gaskiya ta faɗa. Titin jiya an riga an buɗe shi, wannan ma ƙarfe sha biyu hukumar gari za ta karɓe abinta. Ya juya yana magana da rediyo, yana jan mayafinsa kamar shi ya yi masa laifi.

Glenys ta taka zuwa shinge a hankali, tana ƙoƙarin kada a ga ɗingishin. Neville ya zuba mata shayi a murfin flas, idonsa a kan gwiwar, wadda ta riga ta fara kumbura tana sheƙi.

"Saura gudu nawa a cikinta?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ɗaya. In an yi sa'a."

"Mu tafi gida, Glen."

"Ka tafi. Ka san hanya."

Bai tafi ba, dama ta san ba zai tafi ba. Ya karɓi murfin ya girgiza ragowar shayin a ƙasa.

Sai ga Rory Penhale ya nufo su lulluɓe da bargo. A allon talabijin ƙato ne, a fili kuwa ɗan madaidaici ne mai shekara talatin da 'yan kai, an ɗaura masa tumbin soso a ƙarƙashin riga. Jiya duk bai ce mata komai ba sai sannu da na gode.

"Misis Thackray, na ji abin da kika ce masa. In na wuce ki da gaske fa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Da wannan katifar a cikinka?"

"Da ita."

"Kana shan sigari?"

"Na bari."

"Yaushe?"

"Ranar Litinin."

Neville ya tuntsire da dariya har sai da wata mai rediyo ta harare shi. Rory ya ce, "Ni dai na gaji da a riƙa rage mini gudu. Wata biyu ke nan kowa na ja da baya don na yi kyau. Kada ki rage mini ko kaɗan. In na kama ki kafin tef ɗin, ya sami abin da yake so. In ban kama ki ba, matsalarsa ce."

"Ba zan tsaya ba fa, ko ka kama ni."

"Ban ji wannan ba," in ji shi, ya yar da bargon a kan shinge. Ta gan shi ya je ya dafa Piers yana magana, Piers ya ɗago mata babban yatsa daga nesa. Ko me ya faɗa masa, ba ita ta yi ƙaryar ba.

Aka sake jera su, aka sake fesa musu ruwan. Maxine, da ke tsaye kusa da ita haƙora na kaɗawa, ta ce, "Ke dai ba kya canjawa. Ki tsaya masa mana mu je mu sha ɗumi, mutane za su daskare saboda taurin kanki."

"Ki yi gudu, za ki ji ɗumi."

Aka ce a fara, Glenys ta fita kamar an harbo ta. Ta manta da kyamara, ta manta da sanyi, ta koma abin da ta sani: numfashi biyu ciki, biyu waje, kafaɗa a sake, ido a gaba. Mita hamsin na farko ba ta ji ɗuriyarsa ba. A mita ɗari ta fara jin takunsa, mai nauyi, marar tsari, irin na wanda bai iya ba amma ya sa rai. Yana huci kamar tsohuwar motar Neville a kan tudu. Daɗi ya kama ta, daɗi na gaske wanda rabonta da shi tun ranar da ta ga hoton nan a asibiti, don wani na bin ta bil haƙƙi kuma tana hana shi. Ta ƙara wuta.

Gwiwar ta ba ta abin da ya rage a cikinta har zuwa taku biyar kafin tef ɗin rawaya, sannan ta ce ta gama. Wani abu ya yi ƙas a ciki, zafi ya harba har ƙugu, ƙafar ta lanƙwashe. Glenys ta yi gaba kamar za ta kifa, hannunta ya kai kan gwiwar ba da izininta ba, bakinta ya buɗe. Daidai nan Rory ya wuce ta, fuskarsa jawur, ko kafaɗar bai tuna ya bubbuga ba. Ya wuce ta da gaske, kuma ba ta ji haushinsa ba ko ƙwayar zarra.

"A yanke! Madalla! Wannan shi ne!" Muryar Piers ce a lasifika, har tana rawa don murna. "Kun ga fuskarta? Kowa ya koma wurinsa, za mu ɗauki rungumar."

Rory ya ja birki kafin ƙyallen, ya zube a kwalta yana neman numfashi. Mutum sittin suka juya suka fara komawa baya suna hira, suna murza hannuwa. Glenys kaɗai ke fuskantar gaba. Ƙafarta ta dama ta taka, ta hagu ta biyo a jaye, ta dama ta sake takawa. Ba za a kira shi gudu mai kyau ba, amma duk wanda ya taɓa kai wa mil na ashirin da biyar ya san wannan takun, ya kuma san ba tafiya ba ce. Hannuwanta na lanƙwashe a gefen ƙirji suna aiki. Ba ta tsaya ba, ko na daƙiƙa ɗaya, kuma ita ta san haka ko da duk duniya ta ga akasi.

'Yan ƙungiya suka riƙa cin karo da ita. "Glenys, an gama ai." "Baya za mu, ke!" Maxine ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai idonta ya sauka kan gwiwar, ta rufe bakin ta matsa gefe, ta jawo na kusa da ita ma.

Ƙaton nan mai rediyo ya sake fitowa tsakiyar titi yana buɗe hannuwa. Saura mita ashirin. Glenys ta san ba ta da ƙarfin kauce masa, ba ta ma da na yi masa magana.

"Kai! Ka taɓa ta ka gani!"

Neville ne. Mutumin da tun safe yake tafi ba sauti, wanda a shekara arba'in na aure maƙwabta ba su taɓa jin muryarsa ta katanga ba, ya ɗare kan ƙarfen shinge, hularsa ta faɗi, yana nuna ƙaton da flas. "Matsa mata, ɗan banza! Taho, Glen! Taho, yarinya, saura kaɗan!"

Ƙaton ya dubi Neville, ya dubi matar da ke tunkaro shi, ya sauke hannu ya ja da baya. Daga cikin 'yan kallo wani ya haɗa tafi na gaske, wani ya karɓa, kafin ka ce me mutum ɗari uku da aka toshe wa baki tun ƙarfe bakwai sun ɓarke gaba ɗaya. Rabinsu ba su san me ake ciki ba, sun dai gaji da shiru, ga kuma matar da ta zuba musu dankali da wake suna yara tana jan ƙafa ita kaɗai a titi.

"Ƙyallen!" Piers ke ihu a lasifika. "A ɗauke ƙyallen, shi ke nan mana guda ɗaya!"

'Yan matan biyu da ke riƙe da shi 'yan Skelby ne, suka yi kamar iska ta hana su ji. Glenys, wadda a duk rayuwarta ba ta taɓa zuwa ko ta ɗari huɗu ba balle ta ga ƙyallen gamawa a gitte, ta ɗaga kai wannan karon. Ta kalli balan-balan, ta kalli mataccen agogon, ta kalli farin layin a ƙasa har ƙafarta ta haye shi. Ƙyallen ya taɓa ƙirjinta ya naɗe mata a ciki. Ta ƙara taku biyu don kada a yi gardama, sannan ta rungumi ginshiƙin katakon, ƙofar duka ta yi girgiza.

Piers ya iso da gudu, mayafi ɗaya ya warware. Ya buɗe baki da faɗa, ya ga fuskarta, faɗan ya maƙale. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Misis Thackray, kyamarar a kashe take fa. Ba mu ɗauki komai ba."

"Wa ya ce ka ɗauka?" Ta warware ƙyallen ta miƙa masa. "Ungo kayanka, bai yage ba."

Korayen riguna suka kewaye ta. Neville ya kutso ta tsakiyarsu yana haki, gashinsa a tsaye. Ta dube shi, ta dubi Maxine da sauran, mutanen da ta yi shekaru tana yi wa gorin ragwanci. Ba ta rage murya ba.

"Je ka kawo motar har nan, Nev. Ba zan iya takawa ba."

Neville ya danƙa wa Maxine flas ɗin, ya juya ya nufi wurin ajiye motoci da gudu, tsoho ɗan shekara saba'in cikin takalmin zuwa coci, hannuwa na watsuwa ko'ina, ƙafafu na faɗuwa baƙam-baƙam. Glenys ta bi shi da kallo, hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo, ta bar su.

"Ku dube shi don Allah," ta ce. "Shekara talatin da biyu yana tsaye bakin titi yana kallona, ko ɗaga gwiwa bai koya ba."